Yadda Ake Wasa Wuƙar Girki a Kan Dutsen Ruwa

Idan Babbar Sallah ta rage kwana biyu ko uku, daga cikin garin Baure har garuruwan bakin iyaka irin su Babban Mutum, za ka yi ta cin karo da yara riƙe da wuƙaƙe a naɗe cikin tsumma, an aike su wajen maƙeri ko mai injin washi. A gidaje da yawa wannan ne kaɗai lokacin da wuƙa ke ganin gata a shekara. Da an ƙare fiɗa da suya shi ke nan, sai kuma baɗi. Sauran watannin uwargida ce ke shan wuya: tumatir ya ƙi yankuwa sai dai ya fashe, kuɓewa tana zillewa, naman miya sai an yi ta ja ana dagargaza shi. In abin ya ishe ta, ta goga bakin wuƙar a dandamalin siminti sau uku sau huɗu, ta ci gaba da aiki.

Bai kamata a ce a nan ƙasar Daura ne ake yi wa wuƙa wannan riƙon sakainar kashi ba. Labarin da kowa ya tashi da shi a nan yana cewa sai da Bayajida ya biya ta Gaya maƙera suka ƙera masa wuƙa, sannan ya iso rijiyar Kusugu. Addini ma bai bar zancen ba. Hadisin Shaddadu ɗan Ausu da Muslim ya ruwaito, wanda shi ne na 17 a cikin Arba'una ta Imam Nawawi, ya umarci mai yanka da ya wasa wuƙarsa domin ya hutar da dabbar. Ga shi kuma washi aiki ne na kwata ɗin awa, wanda mace ko namiji zai iya koya a tsakar gida, da dutse ɗaya da kwanon ruwa.

Kafin a taɓa dutse, yana da kyau a san abin da ake gyarawa. Bakin wuƙa fuska biyu ne da suka gangaro suka haɗu a layi guda. Muddin wurin haɗuwar yana da siranta, wuƙa tana ci. Yau da gobe, da bugun ƙashi da gogar faranti, sai layin ya lanƙwashe ko ya mulmule. Washi shi ne a rage ƙarfe kaɗan daga kowace fuska har su sake haɗuwa. Siminti ma yana cin ƙarfe, amma ci ne mara tsari, yana yayyaga bakin ya bar shi da kaushin da zai yi yankan yini ɗaya ya koma gidan jiya. Injin washi kuwa matsalarsa zafi. Maƙeri ya gasa ƙarfe ya tsoma shi a ruwa ko a mai don ya yi tauri, kuma wannan taurin yana fara sakewa da zarar zafi ya haura digiri 200 a ma'aunin Selshiyos. Siririn bakin wuƙa a jikin busasshen dutse mai juyawa yakan wuce haka cikin ƙiftawar ido. Duk wuƙar da ta dawo daga inji bakinta ya yi shuɗi-shuɗi, ta ƙone, kuma ba za ta ƙara riƙe kaifi ba sai an cinye wurin da ya ƙone ɗin. Ba ina kushe masu inji ba ne. Mai hankali daga cikinsu yana yi yana tsoma wuƙar a ruwa, kuma ga adda da gatari da wuƙar da ta ɓalle sosai, aikinsu ne ya fi sauri. Amma wuƙar girki ta yau da kullum ba ta buƙatar wannan azaba.

Wane dutse?

Dutsen washi da aka fi gani a kasuwanninmu shi ne mai launin toka ɗin nan mai fuska biyu, ɗaya ta fi ɗaya kaushi. Yawanci da wani sinadari mai tsananin tauri ake yin sa, irin wanda Ba'amurke Edward Acheson ya gano a 1891. Dutse ne mai amfani, sai dai duka fuskokinsa biyu masu kaushi ne. Yana fitar da baki, ba ya kammala shi.

Dutsen ruwa daban yake. Ƙwayoyinsa ƙanana ne ƙwarai, kuma abin da ya ɗaure su ba shi da ƙarfi sosai, don haka ana goga wuƙa tsofaffin ƙwayoyin suna zubewa, sababbi masu kaifi suna bayyana. Ruwan ne ke ɗauke garin ƙarfe, ya hana dutsen toshewa, ya kuma hana zafi. Japanawa ne suka yi fice a kansa. Sun shafe ɗaruruwan shekaru suna haƙo na asali daga tsaunukan da ke kewaye da birnin Kyoto, kodayake yanzu an rufe mafi yawan ramukan. A ƙasar Beljiyam ma akwai wani rawayan dutse da ake haƙowa a yankin Vielsalm, wanda masu aski na Turai suka daɗe suna wasa askarsu da shi. Wanda ke hannun mutane a yau galibi na masana'anta ne, daga kamfanoni irin su King da Naniwa da Shapton da Suehiro, sai kuma masu araha na ƙasar Sin, waɗanda su ne suka fi saurin isowa gare mu ta hannun 'yan kasuwar Kano da shagunan intanet.

A jikin kowane dutse akwai lamba, kuma gwargwadon girman lambar gwargwadon laushinsa. Daga 220 zuwa 400 mai kaushi ne, na gyaran ɓalli. Lamba 1000 shi ne matsakaici. Daga 3000 zuwa 8000 su ne masu laushi. In an auna da maikiron, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita, ƙwayar dutse mai lamba 1000 tana tsakanin 11 da 15, ta mai lamba 6000 kuwa kimanin 2 ce, alhali kaurin gashin kan mutum yakan kai 70.

A nan ne masu sha'awa da yawa ke ɓarnar kuɗi. Mutum ya ji an ce mai lamba 8000 yana sa wuƙa ta aske gashi, sai ya saye shi shi kaɗai, ya kwashe awa guda yana gogar dakusasshiyar wuƙa, ya tashi da baki mai ƙyalli wanda ba ya yanka albasa. Dutse mai laushi ba ya haifar da kaifi. A kan mai lamba 1000 ake samun kaifi, shi mai laushin gogewa ce aikinsa. Wuƙar da ba ta yanka takarda ba bayan ta sauka daga 1000, ko ta kwana a kan 8000 ba za ta yanka ba.

Sai kuma a dubi irin wuƙaƙen da ke hannunmu. Ana auna taurin ƙarfe da ma'aunin Rockwell. Wuƙaƙen Japan sukan kai 60 ko fiye, na Jamus suna tsakanin 56 da 58, farar wuƙar kanti mai araha kuwa ƙasa take da haka. Ƙarfe mai taushi ba ya iya riƙe baki mai tsananin santsi, yanka kaɗan zai lanƙwashe. Wuƙar maƙeri ta baƙin ƙarfe, musamman wadda aka ƙera da sifirin mota, in ta samu maƙerin da ya iya taurara ta, ta fi farar kanti karɓar washi nesa ba kusa ba. Ban da haka, bakin da ya sauka daga 1000 yana da 'yan haƙora da ido ba ya gani, kamar na zarto, kuma su ne ke kama fatar tumatir da tattasai da jijiyar nama. In an goge su sarai, wuƙa takan zame a kan tumatir. Saboda haka shawarata ga mai girki ita ce dutse mai fuska biyu, 1000 da 3000. In 1000 da 6000 aka samu, shi ma ya yi, sai dai a taƙaita zama a kan fuskar mai laushi. Abin da ya haura haka na wanzami ne da mai wuƙar Japan. A kuma sani cewa lambar da ke jikin wasu duwatsu masu araha ba ta cika zama gaskiya ba, a shafa da yatsa a ji: 6000 na gaske sumul yake.

Aikin kansa

A tanadi kwanon ruwa, da tsumma biyu, da wuri mai ƙarfi da ba ya motsi, benci ko faffaɗan katako. A wanke wuƙar da sabulu tukuna, domin maiƙo yana toshe dutsen ruwa. Haka kuma kada a kuskura a ɗiga masa man keke ko man gyaɗa kamar yadda ake yi wa wasu duwatsun, in ya sha mai ya lalace.

Akwai wani abu da mu mutanen wannan yanki ya kamata mu kula da shi fiye da kowa, shi ne rairayi. Ƙasarmu jigawa ce, ruwan rijiya yakan zo da yashi, iskar hunturu kuma ba ta bar ko'ina ba. Ƙwayar rairayi ta fi yawancin ƙarfen wuƙa tauri, kuma mai laushinta ma takan haura maikiron 100, wato ta ninka ƙwayar dutse mai lamba 6000 sau hamsin. Guda ɗaya in ta shiga tsakanin wuƙa da dutse za ta kwarzane su duka biyun. A bar ruwan ya kwanta a tsiyaye na sama, ko a tace shi da ƙyalle. Kada a ajiye dutsen a ƙasa ko na ɗan lokaci, kuma ranar da ake iska a shiga daga ciki.

A jiƙa fuskar 1000 na minti 5 zuwa 10, har kumfar da ke tasowa ta tsaya. Fuskar mai laushi ba ta son daɗewa a ruwa, yayyafi ya ishe ta, don haka a zuba ruwa kaɗan a kwano a kifa dutsen ta yadda mai kaushin ce a ƙasa. Bayan nan a shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumma a ɗora dutsen a kai don kada ya zame, tsawonsa yana fuskantar mai washi.

Yanzu sai kusurwa, wadda ita ce rabin aikin. Ana son kowace fuska ta kwanta a kan dutse da karkatar digiri 15 zuwa 20. Farar wuƙar kanti da wadda ke haɗuwa da ƙashin kaza a ba su 20, siririyar wuƙar yanka ganye ko ta mai tsire a ba ta 15. Hanya mai sauƙi ta gane wannan ita ce a ɗauki takarda a ninke kusurwarta gida biyu, a sake ninkewa. Abin da ya fito digiri 22 da rabi ne, sai a sauko kaɗan daga nan. Ko kuma a yi lissafi da faɗin wuƙar: in faɗinta santimita 4 ne, bayanta zai tashi daga dutse da kimanin santimita 1 zuwa 1 da rabi. In siririya ce mai santimita 2 da rabi, kaurin fensir ya isa. Wanda yake da maka baƙa, wato alƙalamin tawada mai kauri, ya shafa ta a bakin wuƙar, ya goga sau uku ya duba. In tawadar ta goge daga sama ta bar can bakin, an kwantar da wuƙar da yawa. In can bakin kaɗai ta goge, an ɗaga ta da yawa. Ko 17 aka kama ko 19 duk ɗaya ne, abin da ake tsoro shi ne hannu ya riƙa rawa, wannan gugar a 15 ta gaba a 25, domin haka ke mulmule baki.

Hannun dama ya riƙe ƙota, babban yatsa a kan faɗin wuƙar kusa da gindi, a ƙame wuyan hannu. Yatsu biyu ko uku na hagu su zauna a kan faɗin, daf da bakin, daidai wurin da ke taɓa dutse. A ɗora wuƙar a karkace, a tura gaba a dawo, daga wannan ƙarshen dutse zuwa wancan, motsin yana fitowa daga kafaɗa da gwiwar hannu. Dannawa matsakaiciya ce, wadda ba za ta sa farce ya yi fari ba. A fara daga gindi, a yi guga kamar goma, a matsar da yatsu gaba kaɗan, a haka har tsini. Wajen tsini inda bakin ya lanƙwasa, a ɗan ɗaga ƙotar sama don wurin ya samu dutse. Baƙar lakar da za ta taru a kan dutsen kada a wanke ta, tana taya aiki. Ruwa kawai za a riƙa ɗigawa in an ji ya fara bushewa.

Yaushe za a juya? Ba a ƙirga guga, alama ake nema. Idan fuskar da ake wasawa ta cinye har ta iso can bakin, wani siririn zaren ƙarfe zai lanƙwasa ya leƙo ta ɗaya fuskar. A ɗora babban yatsa a kan faɗin fuskar da ke sama, a jawo shi a hankali daga bayan wuƙa zuwa baki har ya sauka. Kada a taɓa bin tsawon bakin da yatsa. In zaren ya fito, za a ji yana ɗan kartar fata. Dole ne a ji shi tun daga gindi har tsini ba tare da giɓi ba, kuma inda babu shi a koma wurin. Wannan zaren shi ne shaidar cewa fuskokin biyu sun haɗu. Mafi yawan waɗanda suka ce sun gwada dutse bai yi musu ba, a nan suka yi gaggawa, suka juya wuƙa tun zaren bai fito ba. Wuƙar da ta shekara tana shan siminti za ta iya cin minti goma a fuskar farko kaɗai. In ta wuce haka babu labari, a koma kan mai launin tokan nan na kasuwa a fitar da bakin, sannan a dawo.

Da zaren ya cika, a juya a yi wa ɗaya fuskar daidai abin da aka yi wa ta farko, har zaren ya koma wancan gefen. Daga nan aikin ya zama na cire shi. A sassauta hannu sosai, a riƙa jan wuƙar baya-baya, bayanta a gaba bakinta yana biye, guga ɗaya mai tsawo daga gindi zuwa tsini, a juya, a sake. Biyar-biyar, sannan uku-uku, sannan ɗaya-ɗaya, kowane zagaye hannu yana ƙara sauƙi. Zaren zai yi ta sirancewa har ya rabu.

Sai yanzu ne dutse mai laushi ke shigowa. A wanke wuƙa da hannu da tsumma sarai, don kada ƙwayar 1000 ta biyo. A yayyafa ruwa, a kama kusurwar ɗazu, a bar nauyin wuƙar da na yatsu kawai su yi aiki. Dutse mai laushi yana da taushi, in an tura baki gaba da ƙarfi zai iya yankar dutsen, don haka jan baya ya fi aminci ga mai koyo. Guga goma zuwa ashirin a kowace fuska ta wadatar. Za a ji ƙarar ta canza daga kartar nan zuwa wani sulɓi mara hayaniya, bakin kuma ya fara ɗaukar ido. A tsaya a nan.

Na ƙarshe shi ne abin da wanzamai suka riga kowa sani: fata. A samu ƙyallen fata daga wajen dukawa ko tsohon bel, a shimfiɗa a kan katako, a ja wuƙar baya-baya sau biyar ko shida kowane gefe. Ko kwali ma yana yi. Wannan ke kwashe ragowar zaren da dutse ya bari.

Gwaji ba ya buƙatar yatsa. A riƙe takarda a sama a yanka, in ta wuce sumul daga gindi zuwa tsini an gama, inda ta tsaya ko ta yage akwai sauran aiki a daidai wurin. A kuma juya bakin sama a cikin hasken rana, baki mai kaifi ba ya walƙiya, duk inda ya yi ɗigon haske to a dakushe yake. Nunannen tumatir shi ne alƙali na ƙarshe.

Bayan washi

Dutsen ruwa yana cinyewa, tsakiyarsa takan yi kwari, kuma dutse mai kwari ba ya ba da kusurwa ɗaya. Bayan washi uku ko huɗu a zana masa layuka da fensir tsaye da kwance, a samu samfefar ruwa mai lamba 220 irin ta masu fentin mota, a shimfiɗa ta a kan gilashi mai kauri ko tayil, a jiƙa, a goga dutsen har layukan su ɓace duka. A ɗan kashe kaifin gefunansa, a ɗauraye. Shanya kuwa a inuwa ake yi, a jingine shi iska tana ratsa shi kwana biyu. Ranar bazara ko gefen murhu za su tsaga shi, haka ma busasshiyar iskar hunturu in ta buge shi kai tsaye. In ya bushe a naɗe shi a tsumma mai tsabta a sa a kwali.

Ita ma wuƙar tana da nata haƙƙin. Ba a yanka a kan tire ko faranti ko siminti, a samu katako. Ba a datsa ƙashi ko fasa gwangwani da wuƙar albasa, wannan aikin adda ne da gatari. Wuƙar maƙeri ba ta son kwana da ruwan tumatir ko lemon tsami a jikinta, a wanke a goge nan take, a shafa mata ɗan mai. Kada a jefa ta cikin kwando tare da cokula da ludayi. Wadda aka kula da ita haka, guga kaɗan a kan fata duk mako da komawa kan dutse sau ɗaya a wata ko wata biyu sun ishe ta. Wuƙa mai haƙora irin ta burodi kuwa ba ta hawa wannan dutse.

Akwai gargaɗi ɗaya da ba na so a ɗauka da wasa. Yawancin matanmu a hannu suke yanka kuɓewa da albasa, wuƙa tana sauka a kan babban yatsa, kuma hannun ya saba da dakusasshiya. Wanda ya wasa wuƙa ya faɗa wa duk mai girki a gidan kafin ta ɗauka, a koma yanka a kan katako, a kuma sama mata kube ko wuri mai tsawo da yara ba sa kaiwa. Ga maigida mai yanka kaza ko ragon suna, a gama washi tun dabbar ba ta wurin, domin malamai sun karhanta a wasa wuƙa tana kallo.

Wanda zai fara, kada ya fara da wuƙar da ya fi so. A ɗauko tsohuwar da aka yar a bayan kicin a koya a kanta, a maimaita har hannu ya zauna. In kuɗin dutse ya yi wa gida ɗaya yawa, gida uku ko huɗu su haɗa su saya, dutse ɗaya zai yi musu shekaru. Uwargida, kada ki jira watan Sallah, kuma kada ki jira a aiki yaro. Nemi dutse mai lamba 1000, ki jiƙa shi, ki zauna da wuƙarki har ki ji zaren nan a yatsanki.